Kalmar Integral Da 'Yan Uwanta: Ma'ana, Kalmomi Masu Kama Da Ita, Da Inda Za Ka Ci Karo Da Ita



Akwai wata kalmar Turanci da take yawan fitowa a takardun haya, a jarida, da bakin 'yan siyasa in sun zo zango neman ƙuri'a. Kalmar ita ce integral. Yawancin mutanenmu in ka tambaye su ma'anarta sai su ce maka ai muhimmi ke nan. Ba ƙarya suka yi ba, amma rabin magana suka faɗa. Muhimmi abu ne da ake ji da shi. Integral kuwa abu ne da yake cikin jikin wani abu, wanda in ka cire shi abin ya tashi daga cikakke ya koma nakasasshe. Wannan ɗan bambancin yana iya jawo wa mutum asarar kuɗi a yarjejeniya, yana kuma iya sa ya tafa wa maganar da bai auna nauyinta ba. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu warware ta, ita da sauran kalmomin da ake musanya ta da su.

Rubutu, furuci da asali

Haruffanta takwas ne: i, n, t, e, g, r, a, l. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa wani r bayan e na tsakiya, a rubuta intergral. Babu wannan kalmar a Turanci. Ɗalibi mai shirin WAEC ko NECO ya kiyaye, domin harafi ɗaya yana cinye maki.

Wajen furuci, an fi ɗora nauyin murya a gaɓar farko, kamar ka ce IN-ti-giral. Wasu kuma suna ɗora shi a tsakiya, in-TEG-ral. Duka biyun ana ji daga bakin Turawa, kada wani ya yi maka dariya a kan ko wanne.

Asalinta daga harshen Latin ne, daga kalmar integer, wadda take nufin abin da yake cikakke, ba a taɓa shi ba. In ka tsaga kalmar gida biyu za ka sami in mai kore magana, da wani tushe mai nufin taɓawa. Wato abin da hannu bai kai gare shi ba balle a gutsura. Ka riƙe wannan hoton a ranka, domin duk ma'anonin da za su biyo baya daga nan suka ɓullo.

Ma'anoninta guda uku

Ta farko, kuma wadda aka fi amfani da ita: sashen da abu ba ya cika sai da shi. In aka ce The engine is an integral part of the lorry, ana nufin inji sashe ne na jikin babbar mota, in babu shi abin da ya rage akwala ce.

Ta biyu: abin da aka ƙera shi tare da wani abu tun farko, ba daga baya aka maƙala ba. Wayoyin yanzu da ba a cire musu batir, wannan batirin integral ne. A tallan gidaje na Ingila za ka ga an ce gida yana da integral garage, wato garejin a jikin ginin yake, ba a gefe aka yi shi ba. Kada ka haɗa wannan da abin da 'yan kasuwar waya suke kira follow come. Cajar da ta zo cikin kwali follow come ce, amma kana iya yar da ita ka sayi wata, wayar tana nan yadda take.

Ta uku: cikakke, wanda ba a raba ba. Wannan ita ce tsohuwar ma'anar, kuma a Turancin yau ba a cika jin ta a hira ba, sai a littattafai da lissafi. A lissafi kalmar tana zama suna. Waɗanda suka yi Further Maths a babbar sakandare sun san alamar nan mai kama da dogon S. Wani Bajamushe mai suna Leibniz ne ya fara amfani da ita a 1675, ya ɗauko ta daga harafin farko na kalmar Latin mai nufin jimla. Aikin shi ne a yayyanka fili siri-siri, a auna kowane yanki, sannan a tara su a sami girman filin gaba ɗaya. Kun ga har a lissafin ma maganar ɗaya ce: a haɗa gutsattsari su koma abu guda.

Gwajin da ya fi sauƙi: rukuni da sharaɗi

Mu da muka yi makarantar allo da Islamiyya muna da ma'auni a hannu wanda ya fi na ƙamus sauƙi. Malamai sun koya mana bambancin sharaɗi da rukuni. Alwala sharaɗi ce ta sallah: sallah ba ta inganta sai da ita, amma ba a cikin sallar take ba, kafin a tayar ake yin ta. Ruku'u da sujada kuwa rukunai ne, a cikin jikin sallar suke. To, da Turanci, alwala necessary ce, ruku'u da sujada su ne integral. Dukkansu dole ne, amma ɗaya daga waje yake tsaye, ɗayan kuma daga ciki.

Haka abin yake a kara. Wanda ya sayi sa a tsaye ya saye shi da kansa, da ƙafafunsa, da fatarsa, da kayan cikinsa. Ba mai zuwa bayan ciniki ya faɗa ya ce a biya kuɗin tozo daban. Igiyar da aka ɗaure shi da ita kuwa ana buƙatarta kafin a kai shi kwata, amma ba jikin sa ba ce. Takardar likitan dabbobi da kuɗin tirela su ma dole ne kafin dabba ta taso daga Potiskum ko Maigatari ta iso Oko-Oba, amma ba wanda zai ce su sashen saniya ne.

Saboda haka duk inda ka ga kalmar, ka yi tambaya biyu. Shin abin nan a cikin jikin ɗayan yake? In an cire shi, ɗayan zai ci gaba da amsa sunansa? In amsar farko e ce, ta biyu a'a, to kalmar ta zauna daidai.

Da Hausa, kalmomin da suka fi kusa da ita su ne rukuni, ginshiƙi, jigo, ƙashin baya. In kana so ka fassara integral part sai ka ce sashen da ba ya rabuwa, ko ka ce abin nan da wancan hanta da jini ne.

Kalmomin da suke nufin dole

Waɗannan su ake kawowa a jarrabawa a matsayin masu ma'ana ɗaya da ita. Sun yi kama, amma kowace da inda ta fi zama.

Important. Muhimmi. Ita ce mafi sauƙin nauyi a cikinsu. Abu yana iya zama muhimmi amma a rayu ba shi.

Necessary. Abin da ake buƙata kafin wani abu ya yiwu. Lasisi ga direba, biza ga matafiyi. Ita ce sharaɗin da muka faɗa a sama.

Essential. Ita ce ta fi kusa da integral. Ta fito daga essence, wato ainihin abu. Tana nufin abin da ba a iya yi sai da shi. Iyayenmu sun san ta tun zamanin mulkin soja na 1984, lokacin da ake bin layin shinkafa, madara da sukari, kayan da aka riƙa kira essential commodities, mutanen gari suka taƙaita suka ce essenco. Mu kuma mun san ta a 2020, da aka rufe Legas da Abuja daga 30 ga Maris saboda korona, aka bar masu essential services su fita, ciki har da ma'aikatan asibiti da masu safarar abinci.

Vital. Daga kalmar Latin mai nufin rai. Abin da rayuwa ta rataya a kansa. Likitoci suna kiran zuciya, huhu da hanta vital organs.

Crucial. Abin da yake yanke hukunci a daidai wani lokaci, ko a ci ko a faɗi. Wasan ƙarshe na gasa, ko ranakun ƙarshe kafin babbar sallah ga mai raguna.

Indispensable. Wanda ba a iya sallamarsa a zauna lafiya. An fi faɗin ta a kan mutum ko kayan aiki: amintaccen yaron shago, ko wuƙa ga mahauci.

Fundamental da basic. Abin da yake tushe, wanda aka ɗora sauran a kansa. Ta farko ta fi nauyi, ita ake amfani da ita wajen haƙƙoƙin ɗan Adam a kundin tsarin mulki. Ta biyu ta yau da kullum ce.

Key da core. Gajeru ne, 'yan jarida suna son su. Ta farko daga mabuɗi take, ta biyu daga tsakiyar abu, kamar ƙwallon mangwaro.

Intrinsic da inherent. Halin da yake cikin abu tun halittarsa, kamar zafi ga barkono ko ɗaci ga maɗaci. Su hali suke siffantawa, ita kuma integral sashe take siffantawa.

Built-in. Ita ce madadin ma'ana ta biyu, kuma ita ta fi saurin ganewa a kasuwa. Kyamarar da ke jikin waya built-in ce.

Kalmomin da suke nufin cikakke

Whole. Guda sukutum, ba a yanka ba. A whole cow, saniya guda. Furucinta ɗaya da hole mai nufin rami, w ɗin ba a faɗin sa. Daga ita aka sami wholesale, wato sari. Yarbawa suna cewa odidi a wannan ma'anar.

Entire. Ɗungurungum, daga farko har ƙarshe. Wannan 'yar uwar integral ce ta jini, domin ita ma daga integer ta fito, sai dai ta biyo ta Faransanci kafin ta shigo Turanci.

Complete. Kammalalle, ba abin da ya ɓace a ciki. In kuɗi sun cika, ko takardu sun haɗu, ita ake faɗi.

Full. Cike. Full payment shi ne biyan kuɗi duka, ba rabi ba, ba kafin alƙalami ba.

Intact. Lafiya lau, ba a taɓa ba, bai fashe ba. Ita ake so a ji in kaya sun iso daga hanya.

Comprehensive. Wanda ya game komai. Masu mota sun san ta a inshora: third party ɓarnar da ka yi wa wani kawai yake biya, comprehensive kuwa yana haɗawa da taka motar.

Ga wani abu ga masu tsallaka Seme zuwa Kwatano. A Faransanci kalmar intégral ta tsaya ne a kan ma'anar cikakke. In ka ga paiement intégral a takarda, biyan kuɗi duka ake nufi. Amma in ka dawo Legas ka ce integral payment ba wanda zai gane ka, full payment ake cewa. Abin da Turanci yake kira integral part kuwa, su partie intégrante suke ce masa.

Kishiyoyinta

In ana maganar dole, kishiyoyin su ne optional, wato ganin dama, da extra ko additional, wato ƙari, da peripheral, wato abin da yake gefe-gefe. In ana maganar cika, kishiyoyin su ne partial, wato wani sashe kawai, da incomplete, wato bai kammala ba. Gyara da mai tumatir take ƙara maka bayan ciniki extra ce. In ba ta ba ka ba, ba ka da ƙara.

Yadda ake sa ta a jimla

Hanya biyu ce aka fi bi. Ta farko an integral part of, ta biyu integral to.

Trust is an integral part of the cattle trade. Amana sashe ce ta jikin fataucin shanu.

The broker is integral to the market. Kasuwar ba ta tafiya sai da dillali.

Ka lura da abu uku. Ana cewa an, ba a ba, saboda kalmar da wasali ta fara. Abin da yake bin ta shi ne to, ba for ba. Sannan ba ta son a bar ta ita kaɗai. In ka ce ruwa integral ne ka yi shiru, mai sauraro zai jira ka faɗi ga me. A irin wannan wurin essential ta fi dacewa: Water is essential.

Kalma ce ta takarda da taro. A hira da abokin ciniki a Mile 12 ko Bodija, ka ce very important, ko ka ce pataki in Bayarabe ne, ko o di mkpa in Ibo ne, magana ta wuce. Amma in za ka rubuta wasiƙa zuwa ƙaramar hukuma, ko takardar neman aiki, nan ne wurinta.

A takardar yarjejeniya

Nan ne nake so 'yan uwa su fi buɗe ido, musamman masu karɓar hayar shago, rumfa ko fili, da masu kai nama ko kayan gwari otal-otal da kamfanoni.

Sau da yawa za ka ga layi irin wannan: The attached schedule forms an integral part of this agreement. Ma'anarsa, takardar da aka liƙa a baya ita ma yarjejeniyar ce, ƙarfinsu ɗaya da shafin da ka sa wa hannu. Kuma a irin waɗannan shafukan na baya ne ake zuba kuɗin shara, kuɗin tsaro, ƙa'idar ƙarin haya, tarar jinkiri, da ranar da za a iya tashin ka. Mutum ya karanta shafin gaba, ya ga kuɗin haya ya yi masa, ya sa hannu. Bayan wata shida a kawo masa lissafin da bai san da shi ba, ya ce ai wannan ba a cikin yarjejeniya yake ba, a nuna masa layin nan. Saboda haka in ka ga kalmar integral tare da schedule, annex, appendix ko terms and conditions, ka ce a miƙo maka waɗannan takardun, a karanta maka su, ka sa hannu a kowane shafi, ka kuma tafi da kwafinka.

Layi na biyu shi ne mai ɗauke da entire agreement. Yana cewa abin da aka rubuta shi ne dukkan yarjejeniyar. Wato alkawarin baki da mai gida ya yi maka, cewa zai gyara rufi ko ba zai ƙara kuɗi ba sai bayan shekara uku, in bai shiga takarda ba to ya bi iska. Mu mun saba da ciniki na baki, a tafa hannu a ce Allah ya sa albarka, shaidu suna tsaye. Wannan yana aiki a tsakaninmu. Amma a kotu ƙa'idar ita ce, in an rubuta yarjejeniya, ba a cika karɓar maganar baki don ta canza abin da ke rubuce ba.

Layi na uku shi ne time is of the essence. Yana nufin lokacin da aka sa rukuni ne na cinikin. In an ce ka kawo kaya ranar Litinin ka kawo Laraba, mai saye yana da damar fasa cinikin, ko da tirela ce ta lalace a Jebba.

Ga wanda ba ya karanta Turanci, jihohi da yawa suna da dokar kare wanda bai iya karatu ba. Dokar tana neman wanda ya rubuta takardar ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma shaida cewa an karanta wa mutumin an fassara masa kafin ya dangwala. Kada kunya ta hana ka neman wannan. In kuɗin masu yawa ne, abin da za ka ba lauya ya duba maka takarda bai kai abin da za ka rasa ba.

A labaran duniya

In gwamnati ta ce wani yanki integral part ne na ƙasarta, tana cewa ne ba zancen rabuwa, ba zancen ciniki. Majalisar dokokin Indiya ta zartar da ƙuduri a 1994 da ya kira Jammu da Kashmir haka, Pakistan kuma ba ta yarda ba har gobe. Faransa ta ɗauki Aljeriya a matsayin sashen jikinta tun 1848, amma bayan yaƙin da aka fara a 1954, Aljeriya ta sami 'yanci a 1962. Darasin shi ne, faɗin kalmar da'awa ce. Abin da ake yi a ƙasa shi yake tabbatar da ita ko ya ƙaryata ta.

Sauran dangi

Integer. Lamba cikakkiya wadda ba ta da ɓari, kamar 1, 2, 50, har da sifili da lambobin da ke ƙasa da shi. Rabi ko kwata ba sa ciki.

Integrity. Mutunci da riƙon amana. Mutumin da cikinsa da wajensa ɗaya ne, ba a gutsuri halinsa ba. In an ce territorial integrity kuma, ana nufin ƙasa ta zauna yadda take ba a yanki wani sashe nata ba.

Integrate da integration. Haɗa abubuwa su zama ɗaya, ko baƙo ya saje da mutanen gari. ECOWAS, wadda aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, don haɗa tattalin arzikin Afirka ta Yamma aka yi ta. Hidimar ƙasa ta NYSC da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, bayan yaƙin basasa, ita ma don a cuɗanya matasan ƙasar ne.

Integrated. Haɗaɗɗe. Yayyenmu sun yi Integrated Science a ƙaramar sakandare kafin a mayar da sunan Basic Science. Harafin farko na IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, daga nan yake. In mai gyaran waya a Computer Village ya ce maka IC ya ƙone, wannan I ɗin ma ita ce.

Disintegrate. Kishiyar duka: wargajewa, rugujewa.

Mu da kalmar nan

Duk lokacin zaɓe, ko bayan wani rikici, za ka ji wani babba ya ce Hausawa integral part ne na wannan jiha. Yanzu da muka san nauyin kalmar, ya kamata mu riƙa sauraron ta da kunnen basira.

Ta fuskar tarihi maganar gaskiya ce. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta. Fataucin goro da shanu ya zaunar da kakanninmu a Agege da Shagamu tun kafin a haifi iyayen masu yi mana jawabin. Akwai gidajen da aka haifi kaka, uba da jika duk a nan.

Ta fuskar kasuwa ma an gani a fili. Bayan rikicin kasuwar Sasa a Ibadan a watan Fabrairun 2021, inda aka yi asarar rayuka da dukiya, ƙungiyar masu fataucin kayan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa kudu na kusan mako guda. Farashin tumatir, albasa da nama ya tashi a Legas. Amma a can arewa ma kayan gwari sun yi kwantai, farashi ya karye, manomi ya ji a jikinsa. Wannan shi ne ainihin ma'anar kalmar: in aka yanke hannu, jiki yana wahala, hannun ma ba ya rayuwa shi kaɗai.

Ta fuskar doka, sashe na 15 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin ƙarfafa national integration, ya kuma ambaci tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a duk inda yake so a tarayya. Sai dai wannan sashen yana babi na biyu, wanda ba a kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye. Waɗanda ake iya zuwa babbar kotu da su suna babi na huɗu: sashe na 41 a kan 'yancin zirga-zirga da zama ko'ina a Najeriya, sashe na 42 da ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali ko addini, da sashe na 43 a kan mallakar fili ko gida a ko'ina. Waɗannan lambobi ukun sun cancanci kowane shugaban matasa a zango ya haddace su.

Ga inda bambancin essential da integral yake da amfani a gare mu. Ana iya buƙatar mutum ba tare da an ɗauke shi ɗan gida ba. Lokacin kulle an bar motocin abinci su wuce saboda ana buƙatar su, wannan essential ke nan. Wanda ya kira ka integral kuwa ya ce kai jikin garin ne. To, sashen jiki ana shawara da shi kafin a tashi kasuwarsa, ana karɓar ɗansa a makarantar gwamnati ba tare da an wahalar da shi ba, ana bin kadinsa in an cuce shi. Duk wanda ya faɗa mana kalmar, muna da damar mu tambaye shi waɗannan cikin ladabi.

Kuma kalmar tana da nata haƙƙin a kanmu. Wanda yake jikin gari yana yin rajistar zaɓe a inda yake zaune, yana biyan harajin da doka ta sa ya karɓi rasit, yana koyon harshen maƙwabtansa, yana fitowa aikin gayya da tsaftar unguwa, yana sa 'ya'yansa makaranta, yana kuma hana ɓata-gari fakewa da sunan al'umma. Ba zai yiwu mu ce mu jikin gari ne ranar rabo, ranar aiki kuma mu ce mu baƙi ne ba.

A taƙaice

In abu ana ji da shi ne kawai, important. In sai da shi wani abu zai yiwu, necessary. In ba a iya rayuwa ba shi, essential ko vital. In a cikin jikin abin yake, cire shi nakasa ne, integral. In kuma cika ake nufi, whole, entire ko complete. A takarda, duk inda ka gan ta, ka juya shafi ka nemi abin da aka liƙa a baya kafin biro ya taɓa takarda.

Wanda ya karanta ya taimaka ya bayyana wa dattawanmu na kara da kasuwa waɗanda ba su yi boko ba. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu daga sa hannu a abin da zai dame mu. Amin.